Bayana, Surukina da Likitan Kwatano

Matso nan kusa, 'yar uwa, gyara zama. Maganar da zan yi ba ta ɗaga murya ba ce, don akwai wuraren jiki a cikinta, kuma akwai suruki.

Ni ba mai yawo ba ce. Ki bar ni da tsakar gidana a Birnin Kebbi, da murhuna, da maƙwabta masu leƙo kai ta katanga muna hira, kin gama mini komai. Sana'ata gumin shinkafa: a kawo shanshera daga fadamar Ambursa, in jiƙa, in turara, in shanya. Tukunyar gumin ce ta ci amanata. Na sunkuya zan sauke ta, sai wani abu ya ce ƙis a ƙasan kuguna. Daga ranar ciwo ya samu gida. Ya tashi daga kugu, ya bi ta mazaunin hagu, ya gangara bayan cinya har babban yatsa, kamar an zura mini waya da aka zaro daga wuta.

Wanzami ya kafa ƙaho har bayana ya koma kamar ƙwaryar da aka yi wa zane. Maɗori ya lalluba ya ce shi bai ga karaya ba, balle ya ɗora. Lokacin ba a yanke mana jiha ba, komai sai Sakkwato, to can ma an kai ni. Likitocin asibiti suka ce jijiya ce ta matse tsakanin ƙasusuwan baya, in allura ba ta yi ba sai wuƙa. Na ce a mai da ni gida, ni ba tunkiyar layya ba ce.

Da don ni kaɗai ne, da na kwanta na jira ikon Allah. To amma akwai yarinyar. Ɗiyata ce ta fari, ba na kama sunanta, ke ma ba za ki ji shi a bakina ba. Ta'argungu muke ce mata, don ranar da aka yaye ta yayar mahaifinta ta goye ta sai Argungu, can ta girma. Ban taɓa yi mata kitso ba. In ta zo ta gaishe ni, bango nake kallo in amsa. Haka aka yi mana, haka muka yi. Yanzu ga ta da cikin fari ya tsufa, goggon da ta riƙe ta ta rasu, wankan jego ya dawo kaina. Nan kaɗai al'ada za ta ce mini: taɓa ɗiyarki, ba kunya. Sai ga ni ko buta ba na iya ɗagawa.

Ita kuwa uwar mijinta, mai haƙorin Makka ta Badariya, har ta fara aiko da saƙo wai kada in damu, ita za ta yi wankan. Matar da ke cewa ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa, wai haka masu asibiti suka faɗa! Ruwan wanke hannu za ta zuba wa mai jego, sanyi ya shige ta har tsufa.

Mijin yarinyar, da muke ce wa Mai Atamfa, shi ya zo da maganar Kwatano. Can yake saro kaya, wai ya san wani likita da ya yi karatu ƙasar Turawa, ba ya allura ba ya yanka, da hannu yake gyara ƙashin baya jijiya ta samu hanya. Malam maigidana ya ce a gwada, amma shi ba zai bar albasa a fadama ba. Aka haɗa ni da ƙanwata Kulu, ta zama bakina tsakanina da suruki.

A Kamba bakin nawa ya faɗi. Kulu ta yi ta amai tun daga Bunza, muna isa ta miƙe gidan dangi ta ce ko da igiya ba za a ja ta gaba ba. Raguwa! Mai ciwo na zaune, mai rakiya ta kwanta. Har na buɗe baki zan ce mu koma, sai na hango haƙorin Makkan nan yana ƙyalli a kan tukunyar ɗiyata. Na ja mayafi na hau mota. Daga nan sai ni sai surukina, kamar an ɗaure akuya da kura a turke ɗaya, kowa na jin shi ne akuyar.

A Gaya muka fara jin yaren da ake yi da hanci. Nan Mai Atamfa ya rikiɗe. Ya fiddo baƙin tabarau ya ƙwama, ya fara tafiya da ƙirji, duk mai kaki da ya tsare mu sai ka ji shi "wi, wi, wi" kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Wai shi ya san ƙasa. Muka ƙetare gada sai Malanbil, inda wani direba ya rantse da kabarin ubansa cewa gidan gaba nawa ne, kujera mai laushi, tunda ni marar lafiya ce. Da aka gama lodi sai ga wata mai jan baki ta ɗare gidan gaban, ni aka cicciɓe ni aka ɗora kan buhunan albasa. Na saurara in ji Faransancin surukina ya ƙwato mini haƙƙina. Ashe nasa na tayin atamfa ne, ba ya faɗa.

Albasar nan kuwa tamu ce, na san ta da ƙamshi, irin ta Aliero mai yaji. Duk ramin da motar ta faɗa sai wayar nan ta ƙara ja a ƙafata, ƙamshin kuma ya kai ni ƙofar ɗakina. Na tuna war haka Ladi maƙwabciyata ta leƙo da maganar da ba a tambaye ta ba. Ruwa ya zubo mini a ido. Wani fasinja ya ce, "Sannu, Hajiya." Na ce albasa ce.

Ga yunwa. Kin san dai ba a cin abinci gaban suruki. Duk inda aka tsaya sai ya sauka ya sayo burodi da tsire, ya miƙo da hannu biyu yana kallon takalminsa.

"Inna, ku ɗan taɓa wani abu."

Ni kuma in dubi buhun albasa in ce, "A ce mashi na ƙoshi."

Shi ma ba ya iya ci a gabana, sai ya naɗe ya ajiye. Haka tsiren ya yi ta tafiya tsakaninmu yana ƙamshi har ƙudaje suka gaje shi. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji waɗanda bayansu ke lafiya kuma ba da suruki suka fita ba.

A Faraku muka hau jirgin ƙasa, abin da ke tafiya kamar yana neman abin da ya yar. Bencin katako, ni a karkace kan mazauni ɗaya. Gabana akwai wata mata ƙatuwa, baƙa, da tsage a kumatu, ban san yarenta ba ba ta san nawa ba. Ta buɗe kwano, doya ce da mai. Ban san na kalla ba. Ta dube ni, ta dubi mai tabarau, ta sake dubana. Sai ta kwance zanen da ta yafa, ta maƙale gefe ɗaya a taga, ta riƙe ɗayan da hannunta sama, ta yi mana labule ni da kwanon. Na ci doyar nan kamar ɓarauniya. Hannunta ya gaji ta canza ɗayan, ba ta sauke ba sai da na sha ruwa na goge baki. A duk ƙasar nan ita kaɗai na gani mai hankali. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Kwatano kuwa, ban ga abin da ake zuzutawa ba. Iska mai danƙo, jiki ba ya bushewa. Mata da wando a kan babur, suna wuce maza ba ko rusunawa. Tuwonsu na masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau, wanda a gidana ko da almuru baƙo ya sauka ba zan ba shi ba. Aka nuna mini teku wai in yi mamaki. Ruwa har iyakar gani, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, ba ya fid da ko zangarniyar shinkafa ɗaya. Gulbinmu na Argungu da rani ya fi shi amfani. Muka sauka a Zango, gidan wata Hajiya Azumi mai saukar baƙi, Bahaushiya ce amma haihuwar can, bakinta kamar reza.

Likitan gajere ne kakkaura, damatsa kamar na mahauci. Sunan aikin nasa wani dogon abu ne, kiro-wani-abu, surukina na faɗinsa yana lumshe ido kamar shi ya raɗa. A kusurwar ɗakin an rataye ƙashin bayan mutum tun daga wuya har ƙasa. Aka ce roba ce. Ni dai na yi a'uziyya. Ga wani siririn gado da rami wurin kai, wai nan ake tusa fuska.

To ga inda gizo ke saƙar. Likita ba ya jin Hausa, ni ba na jin hanci, tafinta kuwa surukina. Ya shigo ya tsaya ya juya mana baya, hancinsa kusan a jikin bango. Ni kuma tun daga ƙofa na cije, na miƙe sambal, na taka kamar amarya, don kada yaro ya ga uwar matarsa tana jan ƙafa.

"Inna, shina tambaya ina ne ciwon."

Ina ne? In ce mazaunina? In ce bayan cinyata? A kunnen mijin ɗiyata ta fari? Na ɗaga hannu na nuna tsakanin kafaɗu, wurin da ya fi kowane mutunci a bayan mace.

Likita ya fara dannawa daga wuya yana gangarawa. Da babban yatsansa ya iso ainihin wurin, wallahi sai da na ga taurari da rana tsaka. Ni da na haifi 'ya'yana maƙwabta ba su sani ba sai da suka ji kukan jariri, yatsan wani gajere ne zai sa in yi ƙara? Ya kama diddigena zai ɗaga ƙafar, na damƙe zane da hannu biyu, na yi masa kallon da ya sa ya saki.

Sai ya ja baya ya yi wata doguwar magana. Yana yi yana bugun nasa mazaunin, yana shafa bayan cinyarsa har ƙasa. Ba na jin yaren, amma ba makauniya ba ce ni. Na san abin da ya tambaya. Na kasa kunne in ji ta inda yaron nan zai ɓullo. Ƙeyarsa ta yi gumi. Ya yi gyaran murya.

"Inna... shina tambaya... ko kuna samun barci."

"A ce mashi lafiya lau."

Ya juya wa bango magana ya ce, "No."

Tun daga Kamba nake raina yaron nan, amma ranar na san an yi masa tarbiyya, duk da uwar da ta haife shi.

Haka aka shiga gyaran inda ba ya ciwo. Kullum a tusa fuskata a rami, a danne kafaɗu su ce ƙas-ƙas, a murɗe wuyana kamar za a yanka kaza. Wuyan ya warware har ina waiwaye kamar mujiya. Ƙafa tana nan yadda take. Likita na murmushi yana ɗaga mini babban yatsa. Likitan da sai an gaya masa! To mene ne amfanin ƙashin da ya rataye?

Ana cikin haka wani direban Kamba ya kawo saƙo: an kai yarinya gidanmu, ciki ya sauka, kuma mai haƙorin Makka ta aika da tukunyarta an girke a tsakar gidana. Tsakar gidana! Mai Atamfa ya gaya wa ƙofar ɗakina cewa bayan Juma'a za mu kama hanya.

Washegari da safe ina alwala a bayan ɗaki, na ɗauka ba kowa. Na zo wanke ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa, na kama ta da hannu, wayar ta ja, na zube kan gwiwa. Sai na ji murya a kaina.

"Ke Bakaba, 'yar Kebbi, wuya ake gyara miki ko ƙafa?"

Hajiya Azumi ce, da asuwaki a baki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na gaya mata duka. Matar nan ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi cikin kwata.

"Kin ƙetare ƙasa biyu don ki yi wa likita ƙarya?"

"Gaban surukina zan ambaci mazaunina?"

"Shi bai san mata na da shi ba? To cikin da za ki je wankewa, a kasuwa ya saro shi?"

"Ke dai teku ta wanke muku kunya."

"Ta wanke, shi ya sa muke tafiya da ƙafa biyu. Tashi, raguwa, ɗauko mayafinki."

Ni ta ce wa raguwa. Na haɗiye, don ina da bukata.

Muna isa ta dubi surukina ta ce, "Kai Alhaji, je waje ka sha iska, yau maganar manya za a yi." Yaron nan ya fita kamar an sako shi daga gidan yari. Ta zazzage wa likita komai, tana nuni a jikinta ba ko tsarguwa. Ya dafe kai da hannu biyu, ya zagaya ɗakin, ya yi ta faɗa.

"Ya ce tun ranar farko ya tambaye ki."

"Ki ce mashi ido me yake yi a fuskarshi?"

Ban sani ba ko ta faɗa.

Wannan karon ya ɗaga ƙafar, ko rabi bai kai ba na ce wash. Ya gyaɗa kai. Ya soka mini tsinke a yatsu yana tambaya ina nake ji ina ba na ji. Sannan ya kwantar da ni a gefe, ya lanƙwasa gwiwata ta sama, ya janyo kafaɗata baya kamar mai matse wanki. Hajiya ta ce, "Ya ce ki saki jiki ki fid da numfashi." Ina fitarwa ya sakar mini nauyinsa gaba ɗaya.

Ƙaras! Kamar an taka busasshen kara.

Na ɗauka ya raba ni biyu. Na ɗauka mutuwa ce, a ƙasar da ba mai yi mini wanka yadda ya kamata. Kuma abin da ya fito daga bakina ba salati ba ne, Allah ya yafe mini. Sunan yarinyar ne. Sunanta na yanka, wanda rabona da shi tun ranar da liman ya raɗa. Na ƙwala shi da ƙarfin da har masu babur a titi sun ji, balle wanda ke tsaye bayan ƙofa.

Sai na ji wani ɗumi yana bin ƙafar a hankali, kamar an buɗe wa ruwa hanya a fangalin albasa.

Kada in yi miki ƙarya, ba take na warke ba. Juma'ar ta wuce ba mu tafi ba, sai da na sake komawa ya sake taka karan, Hajiya na tsaye tana yi mini tsiya. Har yau babban yatsan nan bai gama farkawa ba. Amma na wanke ƙafata da kaina, na yi sujada goshina ya taɓa ƙasa. Likita ya ce kada in ƙara ɗaga tukunyar gumi, in riƙa tattaki, in kwana kan abu mai tauri. Wai sai da na zo Kwatano za a koya mini kwana kan tabarma.

A dawowa, a Malanbil, Faransancin surukina ya yi haƙori. Ya tsaya kai da fata sai da aka ba ni gidan gaba. Ya ajiye ƙunshin tsire kan kujerar, ya zagaya ya hau can saman kaya inda ba zai gan ni ba. Maganar abin da ya ji bayan ƙofa kuwa, ko a fuska.

Da hantsi muka shiga Birnin Kebbi. Tun daga zaure na ji hayaƙin itace da muryoyin mata, ashe cikin daren jiya ta sauka, namiji. Ina shiga na tarar da mai haƙorin Makka tsugune gaban tukunya, da ƙwaryar ruwan sanyi a hannu za ta sirka.

"Sannu da aiki, Hajiya," na ce. "A huta haka nan."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, tana neman inda na karkace. Ba ta samu ba. Na karɓe ƙwaryar na zuba wa kaji. Na sa a ƙara itace. Kulu, raguwar Kamba, da ta riga mu dawowa tana ta ba mutane labarin wahalar tafiya, ita na sa ta kinkimi ruwan zuwa bayan ɗaki. Na zauna kan 'yar kujera, na tsoma ganyen dogon yaro cikin ruwan yana tururi.

Yarinyar ta juya mini baya ta kwance zane. Akwai wani ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin kafaɗarta ta dama, rabona da shi tun tana rarrafe. Ya girma tare da ita ban sani ba. Na fyaɗa ganyen, ta ja numfashi, ba ta yi ƙara ba. Na ce a raina, jinina ce. Na ajiye ganyen na sa tafin hannuna ina gasa mata kugu, daidai wurin da nawa ya ci amanata.

Can ƙasa-ƙasa, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Inna, an ce kin kira ni a Kwatano."

Ashe ɗan gulmar ya kai rahoto tun kafin in cire mayafi. Duk tarbiyyar da na yaba.

Na dubi katanga na ce, "Wasu dai ba su da aiki sai ɗaukar magana." Amma ban ɗauke hannuna ba, ita ma ba ta matsa ba, har ruwan ya fara hucewa na ƙwala wa Kulu kira ta ƙaro.

Na san dariya kike yi, irin ta Hajiya Azumi, kina cewa wauta ce ta kusa sa in dawo da ciwona. To ke mai wayo, tsakaninki da Allah: da ke ce a kan siririn gadon nan, mijin ɗiyarki na tsaye da hancinsa a bango, aka ce nuna inda ke miki ciwo, ina za ki nuna?